Burodin Kanwa na Tashar Arlit

Jiya da la'asar 'yata Nana ta zo da ƙawayenta biyu suka kara mini waya a ido. Wai in kalli wata mata a wata ƙasa tana yin burodi ba yis: fulawa, gishiri, nono, ɗan bikarbonat, ta juya, ta jefa a wuta, kafin ƙiftawa da bismilla ta fito da abinta. Suka kwashe da dariya, suka ce ashe abin da nake cika musu baki da shi ke nan. Na ce madalla, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Yau ga ku kun dawo, kun ƙona wa uwar Nana tukunya, kun kawo mini wani abu kore mai ɗanɗanon sabulu kuna tambaya ina kuskuren yake. To ku nemi wuri ku zauna. Ni ma na taɓa gasa irinsa, kuma lokacin furfura ta riga ta fito mini.

Aikina na farko a wannan sana'a wankin komi ne, wato dogon akwatin katakon da ake kwaɓi a ciki. Na zo Arlit daga Damagaram ina saurayi, a bayan kamiyo, wato babbar mota, mai ɗauke da albasa, da niyyar shiga aikin ma'adini. Aka ce ba ni da takardar lakwal, wato ta makarantar boko. Sai na samu shara a gidan burodin unguwar ma'aikata, ƙarƙashin wani tsoho ɗan Togo da kowa ke ce wa Shef. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa fulawa ba. Da asuba in kankare komi da guntun ƙarfe, in wanke, in shanya. Idan ya zo sai ya sa farce a kusurwa, in ya ciro ko ƙwayar busasshen kwaɓi ɗaya, ranar a tsaye zan ci abinci.

Da ya yarda da ni, abu uku ya dasa mini a ka: sikeli, murza da jira. Ba a ɗiban komai da ido, sai an auna. Kwaɓi kuwa, in ji shi, jaki ne, sai da duka. Mukan murza har kafaɗa ta mutu, har ka ja shi ya miƙe siriri ka hango hasken taga ta cikinsa. Sannan a rufe da zane a jira, ya tashi, a danne, a sake jira, a yanka, a sake jira. Daga zuba ruwa zuwa fitowar burodi, awa shida ne in Allah ya taimaka. Wannan koyarwar ta ciyar da ni shekaru, kuma ita ce ta kusa kashe ni, amma za mu zo wurin.

Tanderuna na tasha da hannuna na gina shi bayan Shef ya koma ƙasarsu. Na shimfiɗa gishiri da fasassun kwalabe a ƙasa don su riƙe zafi, na ɗora bulo, na yi masa baka da jar ƙasa. Kayan aiki ba su da yawa: komi, sikeli, reza ta tsaga bayan burodi, da doguwar pel ta katako da ake zura shi da ita. Ma'auni ɗaya ne ba a saye, shi ne bayan hannu. In ka zura hannu ka ƙirga biyar kafin gashinka ya fara ƙauri, wuta ta yi. Masu sayena direbobi ne, na Agadas da na arewa. Da zinariya ta ɓulla a Cibarakaten, can cikin hamada, sai aka samu ayarin Cibarakaten, manyan kamiyo masu kwanaki a cikin rairayi, su ne suka zama ƙashin bayan cinikina.

Ga abin da ya kamata ku sani game da tasha. Babu wanda ke da takardar wuri. Wuri na mai aiki ne a cikinsa. Tun zamanin sarkin tasha na farko aka ajiye ƙa'ida cewa duk rumfar da aka yi Juma'a biyu a jere ba a sayar da komai a cikinta ba, an ba wani. Ba a duba tsufa, ba a duba zumunci. Na ga an tashi mai shayi da ya fi ni daɗewa, kuma ina cikin waɗanda suka ce ai ƙa'ida ce.

Maƙwabciyata ta hagu ita ce Inna Hajo mai masa, mutuniyar Tawa, ta girme ni da kusan shekara goma. Shekara ashirin da wani abu muna gefe da gefe, kullum cikin tsiya. Ita tana ce mini Bature, wai ina gasa iska ina sayar wa mutane. Ni kuma ina ce mata aikinta ba sana'a ba ne, zuba-ka-juya ne, ko makaho ya iya. Allah ya yafe mini, har cikin raina haka na ɗauka.

Sai shekarar da hanyoyi suka toshe, kudu da arewa. Fulawa akwai, don 'yan kasuwa sun tara. Yis ne ya yi ɓatan dabo. Da ƙyar wata mota ta iso da katan-katan, muka yi rububi muka saye. Ashe ta yi makonni tsaye a rana a bakin iyaka, zafi ya kashe shi tun a leda. Na kwaɓa buhu guda, na rufe, na jira. Awa uku, awa biyar, kwaɓi yana kwance yana kallona. Na sake da wani katan, haka. Za ku ce me ya hana ni tayar da shi da tsohon kwaɓi, kamar yadda mutanen da ke yi. Ai sakaci ne. Tun da yis na leda ya wadata na daina ajiyewa, kuma renon sabo yana cin mako guda, a zafin Arlit ma sau da yawa ruɓewa yake kafin ya kama. Na gwada sau biyu, sau biyu na zuba wa awaki.

Juma'a ta farko ta wuce tanderu a sanyaye. Ranar Litinin na iso da safe na tarar an jibge tsofaffin tayoyi a jikin bangona. Na wani mai faci ne da ya daɗe yana neman wuri kusa da ƙofar da kamiyo ke fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi wurin Alhaji Sidi, sarkin tasha, ina huci. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai ba kowa wurina ba tukuna, amma ƙa'ida ba shi ya kafa ta ba. Ya ce kada in yi masa dabarar hura wuta a tanderu don a ga hayaƙi. Ayarin Cibarakaten zai tashi ranar Alhamis da hantsi. In direbobi suka ɗauki burodina, wuri nawa ne. In ba su ɗauka ba, ranar Asabar mai faci zai rushe tanderu ya kafa injinsa.

Na dawo na zauna a kan komi, ban san abin yi ba, tsoro ya kama ni sosai. Daga inda nake ina hango Inna Hajo. Ƙullunta ya kwana ya yi tsami, sai na ga ta ɗauko wata kwalba ta tsiyaya ɗan ruwa a ciki, ta juya. Nan take ƙullun ya yi kumfa ya ɗago. Wallahi na ga ta yi haka ya fi sau dubu, ban taɓa tambayar kaina me ke faruwa ba. Ruwan kanwa ne. Tsami da kanwa suka haɗu suka ba da iska, ba yis ba jira.

Girman kai bai bar ni na tambaye ta ba. Na faki idonta na sayo jar kanwa, na daka, na auna a sikeli kamar gishiri, na zuba a fulawa da ruwa. Abin da ya fito shi ne ƙanin wannan da kuka kawo mini, kore shar, ɗaci kamar maɗaci, ƙasan cike da tsakuwa. Na fahimci tsamin ne babu. Washegari Talata na tare Lalla, Buzuwar da ke kawo nono daga rugarsu ta bayan gari, na ce ta ba ni duk abin da ke gareta. Ta ce na raƙuma ne, tatsar safiya. Na ce nono ai nono ne. Ta ɗaga kafaɗa ta juye mini. Wanda aka haifa a nan ya san nonon raƙuma ba ya saurin tsami, sai ya wuni yana nan garau. Ni mutumin Damagaram, shekara talatin ina zaune cikin masu raƙuma, ban sani ba. Wannan ma ya fito kamar bulo.

Saura kwana ɗaya da rabi. Na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, na ɗauki bulon nan na tafi rumfarta bayan azahar, lokacin ta sauke tanda. Na gaishe ta gaisuwar da ban taɓa yi mata ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi yak kawo ka, Bature?"

Na ajiye burodin a gabanta, na ce, "Inna, na zo makaranta."

Ta ɗauka ta ƙwanƙwasa shi a ƙafar kujera, ta yi dariya har da hawaye. Ta kira mai goro ya zo ya gani, ta kira mai ruwa. Na haɗiye. Da ta gaji ta share ido, ta ce tun Litinin take kallona ina laɓe-laɓe da kanwa kamar ɓarawon kaza, tana jira ta ga ranar da zan sauko.

Abin da ta koya mini a yinin nan, ku buɗe kunne, don ba ya cikin wayarku. Kanwa ba a zuba ta gari. Farar ake nema, a jiƙa ta a kwalba, a bar ta ta kwanta, yashi da datti su koma ƙasa, a tsiyaye na sama kawai. Nono kuma tsala ake so, na awaki ko na shanu, wanda aka kaɗe aka cire mai, ya yi tsamin da zai sa ka runtse ido. Kuma babu awo ɗaya na kullum, domin kanwar yau ba ƙarfinta ɗaya da ta gobe ba, tsalar ma haka. Sai ka ɗebi nonon a ludayi ka ɗiga ruwan kanwa. In ya yi kumfa ya yi tsuwa, ka ɗanɗana. Ka ci gaba da ɗigawa har tsamin ya kusa mutuwa, amma kada ya mutu duka. In ya mutu, sabulu ka yi. Na ce to cokali nawa ke nan a kilo, in rubuta. Ta ce in mayar da sikelina gida, harshe Allah ya ba ni.

Da la'asar muka samu 'yar tsala a wurin wata Bafulatana, muka gwada. Na zuba a komi, na naɗe hannun riga, na faɗa wa kwaɓin nan da murza yadda Shef ya koya mini. Sai na ji muciya a bayan hannuna, ƙwal!

"Wa yac ce maka ka murza shi? Kashe shi kaka yi! Iskar da munka samu da wahala ita kaka fiddawa."

Na ce ai in ba a murza ba ba zai yi danƙo ba. Ta ce masa nawa na taɓa ganin an yi wa duka. A haɗa kawai, da yatsu a buɗe, gari ya jiƙe, a dunƙule, a bar shi da kaushinsa. Kuma ba a rufe shi a jira, tun da iskar tana fita tun daga lokacin da nono ya taɓa kanwa. Wutar ce za ta zauna da shirinta tana jiran kwaɓi. Wannan ya fi komai yi mini wuya. Hannun da ya shekara talatin yana murza ba ya jin magana. Sau uku tana kai mini muciya, har ta ce in ƙirga juyi goma da ƙarfi kamar ɗan lakwal, in na kai goma in ɗaga hannu sama. Haka na yi, mutanen tasha na wucewa suna kallo.

Abin da na ƙara daga wajena shi ne sanin wuta da sanin hanya. Na dunƙula shi ƙanana don cikinsa ya nuna kafin bayan ya ƙone. Na tsaga shi da reza, tsaga mai zurfi, zafi ya samu ƙofa. Na sa ɗan mai a kwaɓin saboda burodin da zai kwana uku a mota kada ya bushe ya zama dutse. Na bar wutar ta sauka kaɗan daga ta baget, dogon burodin da na saba gasawa. Na farko da ya fito daidai, ranar Laraba ne da hantsi. Na juya shi na ƙwanƙwasa gindinsa, ya amsa kamar ƙaramin kalangu. Na gutsura, tururi ya tashi, cikinsa fari da ɗan ruwan ƙwai. Daɗi ya kama ni, na miƙa wa Inna Hajo. Ta ci ta ce ba laifi, wanda a bakinta yabo ne babba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba Lalla ta iso a kan jaki da tsalar awaki, yadda na roƙe ta. Na hura wuta da gawayi da ɗan itacen da ya rage. Kafin rana ta ɗaga sosai na fitar da guda sittin, na jera a kan tebur na rufe da zane. Alhaji Sidi ya zo da sandarsa. Mai faci ma ya zo, ya zauna a kan tayoyinsa yana sakace. Sai ga direbobi, a gabansu Agali, Buzu ne dogo, shi ne jagoran ayari, kuma shi ke sayen guzurin kowa. Agali mutum ne da ya taɓa dawo mini da burodi daga tafiyar kwana shida don ya nuna mini inda ya ƙone.

Ya ɗaga zanen ya tsaya yana kallo. Ya ce wannan ba baget ba ne. Na ce ba shi ba ne. Ya ce mene ne. Na ce ya ci tukuna. Ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya sassauta rawani daga bakinsa, ya gutsura. Ya tauna a hankali, ba shayi ba komai. Ya sake gutsura. Ko kallona bai yi ba sai da ya cinye shi tas ya karkaɗe hannu.

"Guda nawa kana da shi?"

Na ce sittin.

"Bai isa. Mota goma sha huɗu ne, ga fasinja. In babu ɗari da hamsin, gara mu sayi biskit a butik, can kanti, kowa ya samu daidai. Awa ɗaya ya rage mu taru a bakin gari."

Mai faci ya cire tsinke daga bakinsa ya yi murmushi. Duk wanda ke tashar ya san burodi awa shida yake ci, shi ma ya sani. Ni kuwa na san wuta tana nan da zafinta, fulawa tana nan, amma tsalar da na saya ta ƙare ƙaf. Na juya zan nemi Lalla, aka ce ta tafi.

Sai na ji muryar Inna Hajo a bayana tana cewa in kauce mata. Ta fito daga rumfarta tana jan bido biyu, manyan jarkoki, cike da tsala, kwalbar kanwa a hammata. Ashe tun da asuba ta tare Lalla ta saye sauran, ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ta ce ta san Bature, ba zai taɓa yin lissafin cikin direba daidai ba. Ta sauke tandarta da masa a kai, a tsakiyar cinikin safe, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko ranar da aka yi mata rasuwa.

Ita ke haɗa nono da kanwa tana ɗanɗanawa, ni ina juyawa ina ƙirga goma da ƙarfi. In dunƙula, in tsaga, in zura da pel. Tanderu yana cin arba'in da biyar a zubi ɗaya, na cika shi har baki, na rufe. Kafin ya nuna mun shirya na biyu, amma ba mu jiƙa ba sai da na fara kwashe na farko. Direbobi suka daina hira suka kewaye mu. Wani ya karɓi buhu yana riƙe mini, wani yana fifita wuta. Agali yana tsaye yana duban agogo. Da lokaci ya cika zubi na biyu yana ciki, saura kaɗan. Yaran mota suka fara danna oda. Agali ya ɗaga hannu ɗaya, odar ta tsaya. Ya ce ba wanda zai motsa sai burodi ya fito.

Ya fito. Na kwashe shi da zafinsa ina juyewa a buhu, hannuna na ƙuna ban ma ji ba. Suka ɗauka a kafaɗa suna rugawa wajen motoci, ƙamshi ya cika tasha. Hanyar kuwa ta yi ƙunci saboda tayoyin da ke jikin bangona, har wani ya yi tuntuɓe ya kusa zubar da buhu. Alhaji Sidi ya nuna mai faci da sanda.

"Kai, kwashe tayoyinka daga nan. Ba ka ga suna tare wa mai burodi hanya ba?"